Khordam da Mikhordam: Wasiƙa ga Walida Kafin Ta Sauka Shiraz

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Walida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin jirgi kika buɗe ta, ko sai da kika isa masauki. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da inda za ki zauna, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Na sa ta a aljihun da fasfonki yake, don na san nan ne ba za ki kasa dubawa ba.

Wata ukun da kika yi a wurina a unguwar Nahda, nan ƙasar Larabawa, ba mu samu zama na kirki ba. In na dawo daga duti ƙafafuna a kumbure suke, ke kina kan littattafanki, falon kuma ba namu kaɗai ba ne. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Kin ce mini shekarar farko Farisanci kawai za ku yi kafin ku shiga karatun likita, har kika ce shekarar hutu ce. Dariya na yi a lokacin, amma maganar ba ta bar ni ba. Zan gaya miki kurakuran da na yi da wannan harshe. Wasunsu ko babanku bai sani ba.

Lokacin da na fara aikin nas a ƙaramin asibitin nan na unguwar Muraƙƙabat, shekara biyar ke nan, na tarar da yawa daga cikin masu zuwa Iraniyawa ne. Tsofaffinsu ba Turanci, Larabcin ma shwaiya-shwaiya, wato kaɗan-kaɗan. Ni kuwa na ga rubutunsu irin namu ne na Islamiyya, ga kalmomin Larabci birjik a ciki, sai na ɗauka abin ya zo da sauƙi. Na sayi ƙaramin littafi na riƙa tara kalmomi: ghors ƙwaya, dard ciwo, khun jini, sobhane karin kumallo, emruz yau, diruz jiya. A zatona in ka tara kalmomi ka iya harshe.

Wata safiya wani mutum mai suna Agha Karim, shugaban ma'aikata a wani sito a unguwar Alkoz mai nisa, ya zo awon suga, irin wanda ake yi kafin a ci komai. Na nuna bakina na ce masa, "Sobhane?" Ya fara magana, "Man emruz sobhane..." Da na ji yau na ji karin kumallo, sai na rufe fayil na ce da Larabci, "Khalas, bukra," wato shi ke nan, sai gobe. Na juya. Ƙarshen maganarsa a bayana ya faɗe shi. Washegari ya dawo da abokin aikinsa mai jin Turanci, ransa a ɓace. Abin da ya ce jiya shi ne, "Man emruz sobhane nakhordam." Yau ban karya ba. Mota biyu ya hau daga Alkoz da yunwa, na kore shi, ya sake hawa biyu da yunwa, ya rasa aikin safiya sau biyu.

To ki riƙe wannan tun daga ranar farko. Mu a Hausa aikatau yana zuwa da wuri: na sha magani jiya. Su a ƙarshen jimla suke ajiye shi: man diruz ghors khordam, wato ni, jiya, ƙwaya, na sha. Mai aikin ya fara zuwa, lokaci da wuri su biyo, abin da aka yi wa aikin ya biyo, sannan aikin kansa ya rufe. Korewa ma a jikin aikatau take, ɗan "na" ne a goshinsa: khordam na ci, nakhordam ban ci ba (ci da sha duk da kalmar nan ɗaya suke faɗa). Mu da zarar mutum ya buɗe baki da "ban" kin san inda ya dosa. Su sai ya kai ƙarshe. Kin san halinki na katse mutum da "na gane, na gane". A wurina kika gado shi. A can ki bari mutum ya rufe bakinsa tukuna.

Wannan kuskure da ban haƙuri ya wuce. Na biyu shi ne ya kusa raba ni da aikina.

Akwai wata dattijuwa, Khanum Parvin (Khanum laƙabin girmama mata ne, kamar Agha ga maza), mutuniyar Shiraz, garin da za ki. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, ta dawo wurin ɗanta Agha Bahram mai shagon labule a unguwar Deira. Hawan jini ne da ita. Kullum ɗan ne yake yi mana tafinta. Ran nan ya sauke ta a ƙofa ya tafi neman wurin ajiye mota, kin kuwa san yadda Muraƙƙabat take da hantsi. Ni a lokacin na yi wata takwas ina tara kalmomi, na kuma koyi jiran ƙarshen jimla, sai na ga ba sai na jira shi ba. Na auna ta, jinin ya hau sosai. Na ce, "Ghors khordi?" Kin sha ƙwaya?

Ta ce, "Mikhordam, dokhtaram." Dokhtaram wato 'yata. Ta ƙara wata doguwar magana tana juya yatsa a gefen kanta. Ban gane ko kalma ɗaya daga cikin doguwar maganar ba, amma na gyaɗa kai. Na ji khordam, na sha. Na rubuta a fayil cewa tana shan maganinta. Da likita ya tambaye ni ko sai an jira ɗan, na ce ba sai an jira ba, na riga na ɗauki bayani.

Likita ya ga tana shan magani amma jini bai sauka ba, sai ya ƙara ƙarfin na farkon, ya kuma haɗa mata da wani. Ta koma gida ta bi umarnin likita, ta sha duka biyun. Kwana biyu bayan haka jinin ya faɗi ƙasa, jiri ya kwashe ta a banɗaki, ta karye a wuyan hannun dama.

Agha Bahram ya zo da kwalin tsohon maganin ya ajiye a kan teburin likita. Kusan cike yake. Ya ce, "Mahaifiyata ta yi wata biyu da daina shan wannan, saboda yana sa ta jiri. Ta ce ta faɗa."

Ta faɗa ɗin kuwa. Khordam shi ne na sha. Mikhordam shi ne da ina sha, nakan sha a da. Wannan "mi" na goshi shi ne ban ji ba, ko in ce na ji na ɗauka ado ne. Yatsan da take juyawa kuma jirin take nuna mini.

Likita ya riga ya manta wace nas ce, sai ya buɗe fayil yana neman wanda ya yi tafinta. Zan iya yin shiru, domin babu suna a wurin. Na tsaya kamar minti ɗaya ina tunanin bizata, wadda take ɗaure da wannan aikin, da ke da ƙannenki a Kano. Sannan na ce ni ce. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka hana ni ɗaukar bayanin duk wanda ba ya jin Turanci ko Larabci, aka ce in aka sake irin wannan sai dai in tattara. Sati biyu ina hawa jirgin ƙasa na metro ban san tashar da nake ba sai an kira Rigga, inda nake sauka.

Walida, ke likita za ki zama in Allah Ya so, kuma aikin likita rabinsa tambayar abin da ya wuce ne. Yaushe ya fara? Me kika ci? Kin taɓa yin irinsa? Duk amsar da za a ba ki a shuɗaɗɗen lokaci take, kuma shuɗaɗɗen lokacinsu ba iri ɗaya ba ne. Khordam, na sha, abu ya faru ya ƙare. Mikhordam, da ina sha, abu ne da aka saba ko wanda yake gudana a da, sau da yawa kuma yana nufin yanzu an bari. Khorde am, na riga na sha, yana jikina har yanzu. Khorde budam, na riga na sha kafin wancan abin ya faru. Mutum ɗaya, ƙwaya ɗaya, amsa huɗu, kuma kowace da irin maganin da za ki rubuta a kanta. In malaminku ya zo kan waɗannan kada ki haddace su don jarrabawa. Sannan in ba ki gane ba, kada ki gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan shi ne laifina na gaskiya, ba rashin sanin "mi" ba.

Da Khanum Parvin ta dawo a duba karayar, ɓuya na yi a ɗakin allura. Sai ga mai karɓar baƙi ta leƙo ta ce dattijuwar nan tana neman nas 'yar Najeriya. Na fita na same ta. Tana zaune da hannu a saƙale, ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da malaman firamare suke yi a kowace ƙasa. Ta yi magana, ɗanta ya fassara:

"Ta ce ran nan kin ce mata khordi. Ta ce haka ake yi wa yaro magana. In za ki tambaye ta, khordid za ki ce."

Na ce ya ba ta haƙuri, ban sani ba.

"Ta ce ta san ba ki sani ba. Ta ce ranar Juma'a bayan la'asar ba ta da abin yi, kuma shekara talatin tana koya wa yara wannan."

Maganar karaya ba ta taso ba. Ni ma ban tayar ba.

Ki lura da abin da ta fara gyara mini. Girmamawa a jikin aikatau take a wurinsu, kamar yadda take a wurinmu. Yadda ba za ki ce wa Hajiya kakarku "kin tashi lafiya" ba sai "kun tashi lafiya", haka rafti, ka tafi, na sa'a ne da yaro, raftid, kun tafi, na manya ne da baƙi. In kuma kina ba da labarin babba ba ya nan, raftand za ki ce, sun tafi, kamar yadda muke cewa Baba sun fita. Wata takwas na yi ina yi wa tsofaffi magana kamar jikokina, ba wanda ya ce mini kanzil. Ke ki fara da na girmamawa ga kowa, har sai mutum da kansa ya ce ki sauke.

Haka na fara zuwa filat ɗinsu duk Juma'a. Za ta sa Agha Bahram ya kawo shayi a ƙananan kofuna da sukari mai ƙwaya, wanda ake sawa a baki a kurɓi shayin a kansa. Ranar farko ta karɓi littafina ta buɗe da hannun hagu. Na rubuta raftam daban, raftim daban, goftam daban, kowace da fassararta, shafi wajen goma. Ta girgiza kai. Da hagun ta ɗauki biro ta rubuta raftan, tafiya, ta soke "an" na ƙarshe, ya rage raft. Ta jera a ƙarƙashinsa: raftam na tafi, rafti ka tafi, raft ya tafi ko ta tafi, raftim mun tafi, raftid kun tafi, raftand sun tafi. Sannan ta rubuta goftan, faɗa, da didan, gani, da neveshtan, rubutawa, ta miƙo mini biron. Na soke "an", na ɗaura waɗannan wutsiyoyin, duka suka fito daidai. Abin da na kwashe watanni ina haddacewa ɗaya-ɗaya, a rabin shafi ya ƙare.

Don haka kada ki haddace reshe, ki nemi tushe. Shuɗaɗɗen lokaci shi ne wurin da Farisanci ya fi sauƙi, kowane aikatau hanya ɗaya yake bi. Wahalar tana lokacin yanzu, inda didam, na gani, yake komawa mibinam, ina gani. Duk aikataun da kika koya, ki koyi tushensa biyu tare. Ba su kuma da namiji da mace: raft ya ishi Bahram ya ishi uwarsa. In kina ɗaukar bayani ki tambayi wane ne, kada ki yi zato.

Darasinmu kullum iri ɗaya ne. In na zauna za ta ce, "Diruz che kar kardid?" Jiya me kuka yi? Ni da nake sa'ar 'yarta, da "ku" take kira na, don kunnena ya saba. Sai in ba da labarin jiyata tun daga asuba. Wata rana ina so in ce jiya na zauna a gida, mandam, sai na ce, "Diruz dar khane mordam." Jiya na mutu a gida. Ta yi dariya har ta riƙe karyayyen hannun, ta ƙwala wa ɗanta kira ya zo ya ga gawa tana shan shayi. Daga kicin ya amsa, "Umadam!" Na ce ai wannan na zo ne, shi kuwa bai ko motsa ba. Ta ce haka suke yi, abin da ya tabbata sai a faɗe shi kamar ya riga ya faru. Na ce mu ma muna da shi, mutum yana tsaye a bakin ƙofa ya ce na tafi. Abin ya burge ta, ta sa na maimaita "na tafi" har ta iya.

A nan na gane bakin littafi daban, bakin titi daban. Littafi zai ce amadam, mutane su ce umadam. Littafi raftand, mutane raftan. Akwai kuma ɗan "ra" da suke sawa bayan abin da aka san shi: ghors khordam na sha ƙwaya, ghors ra khordam na sha ƙwayar. A titi "ro" za ki ji, wani lokaci "o" kawai. Na daɗe ina ƙin bakin titi, ina ganin lalataccen harshe ne, sai ya zama ina iya karanta takarda amma ba na jin mai sayar da burodi. Marasa lafiya ba da bakin littafi za su zo miki ba. Ki yi ƙawa a cikin 'yan garin, kada ki maƙale wa 'yan Najeriya kaɗai. Ki kuma yi abin da Khanum ta sa ni: kullum ki ba wani labarin jiyarki da Farisanci, ko da za a yi miki dariya.

Kusan shekara uku muka yi a haka. Asibiti suka ɗage mini takunkumi, har ya zama ni ake kira in tsofaffin nan sun zo. Amma duk tsawon wannan lokaci ban taɓa ce mata ni ce na rubuta abin da ya jawo mata karaya ba. Na faɗa wa likita da Turanci, na sa hannu a takarda, ita kuwa ban faɗa mata ba. Kullum ina ce wa kaina sai Farisancina ya nuna, in faɗe shi yadda ya kamata.

Gab da korona ta tafi Shiraz ganin ƙanwarta, da niyyar wata ɗaya. Aka rufe hanya, jirage suka tsaya. Ta riƙa turo mini saƙon murya a waya, a hankali take magana don in ji, kowane kuma da tambayarta take rufe shi, jiya me kuka yi. Ina amsawa da gajerun gaisuwa, saboda aiki ya yi mana yawa ƙwarai a lokacin. Sau ɗaya na zauna a ɗakin hutu na ɗauki dogon saƙo na gaya mata komai. Da na saurara sai na tsaya a wuri ɗaya: eshtebah kardam zan ce, na yi kuskure, ko eshtebah karde budam, na riga na yi kuskure tun a lokacin? Na rasa wanne ne daidai, na goge saƙon, na ce sai na duba littafi. Kowanne na tura da ta gane. Ba nahawu ne ya hana ni ba, kunya ce da tsoro, nahawun kawai na laɓe a bayansa.

Bayan wasu watanni, da rana tsaka, Agha Bahram ya shigo asibiti da takunkumi a fuska. Bai karɓi lamba ba, ya tsaya a gaban teburina. Da Turanci muka saba magana da shi, amma ran nan da harshensu ya ce, "Madar az donya raftand."

Madar uwa, az daga, donya duniya, raftand sun tafi. Ita ce jimla ta farko da ta shige ni kai tsaye ban tsaya fassara ta a kaina ba. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna. Sannan na gaya masa abin da ban gaya mata ba, da Farisanci, da kurakurai a ciki. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Midanestand." Sun sani. Ya ce tun ranar da ya kai kwalin maganin ta gaya masa wace nas ce, ta kuma hana shi kai ƙara gaba. Ta ce yarinyar tana ƙoƙarin koyo ne ba wanda ya koya mata, a bar ta da ita.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yi mini ciwo, kuma shi ne ba ya gyaruwa. Shawarata a kansa gajeriya ce. Kalmomi biyu za ki fara iyawa kafin komai, duka kuma a shuɗaɗɗen lokaci suke. Nafahmidam, ban gane ba. Eshtebah kardam, na yi kuskure. Ta farko ki faɗe ta nan take, ko sau goma ne a rana, ko a gaban babban likita ne. Ta biyu ki faɗe ta a ranar, ga mutumin da abin ya shafa, da irin Farisancin da kike da shi a ranar.

Ina da roƙo ɗaya. Agha Bahram ya san kina zuwa, ya kuma sanar da innarsa, ƙanwar marigayiya. Ba yanzu ba, sai kin zauna kin san gari, kin iya haɗa jimla. Ki je ki gaishe ta, ki roƙe ta ta nuna miki inda aka binne 'yar'uwarta, ki yi mata addu'a a madadina. In ta tambaye ki ke wace ce, ki ce, "Madaram shagerde ishan bud." Mahaifiyata ɗalibarsu ce. Bud ɗin nan na ƙarshe shi ne yake nuna abin ya wuce. Sau uku na rubuta jimlar kafin hannuna ya yarda ya sa shi.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci ko bai yi miki daɗi ba, ki sa rigar sanyin da na saya miki tun kafin ki fara tari. Ki kira babanku da zarar kin samu layi, kada ki bari shi ya neme ki.

Allah Ya buɗe miki ƙirji, Ya saki harshenki, Ya ba ki kunnen sauraro. Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa, Ya kare ki daga cutar da wani da sani ko da rashin sani. Allah Ya jiƙan Khanum Parvin, Ya haskaka makwancinta. Na ba Allah ajiyarki, Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mamanki